Yaron da Karatu Ke Yi wa Wuya Ba Daƙiƙi Ba Ne: Bayani ga Iyaye, Malamai da Shugabanni a Birnin Kudu da Gwaram

A kusan kowace makarantar firamare ana samun yaro mai kaifin basira, wanda ya iya lissafin ciniki a kasuwa, ya haddace tatsuniya da zarar ya ji ta, amma ya kai aji uku ko huɗu bai iya karanta jimla guda ba. Sau da yawa akan kira shi daƙiƙi ko malalaci, a sha shi da bulala, daga ƙarshe iyaye su cire shi su tura shi gona ko kiwo, in yarinya ce a ɗora mata talla. Alhali wasu daga cikin irin waɗannan yara suna fama ne da wata matsala sananniya da masana ke kira disleksiya.

Mene ne disleksiya?

Wahala ce ta koyon karatu da rubutu wadda ta samo asali daga yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sautukan magana. Yaron yana gani, yana ji, hankalinsa lafiya lau, amma yana shan wahala wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa kowane sauti da harafinsa. Ba aikin iska ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Takan bi jini, shi ya sa ake iya samun ta ga uba da ɗansa. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya sa mata wannan suna a 1887. A 1896 kuma likita Pringle Morgan na Ingila ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara 14 mai hazaƙa wanda ya kasa koyon karatu. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne tana shafar yara 5 zuwa 10 cikin 100. Ke nan a ajin da ke da ɗalibai 60 ana iya samun uku zuwa shida.

Alamomin da za a lura da su

Yaro yakan daɗe bai riƙe sautin haruffa ba duk da maimaitawa. Yakan kasa raba kalma gaɓa-gaɓa, kamar "ma-ka-ran-ta". Yakan karanta kalma daidai a layin farko, ya kasa gane ta a layi na uku. Yana karatu da jan jiki da yawan cinke, yana tsallake haruffa in an yi shifta, amma in an tambaye shi da baki sai ya amsa daidai. Rikita b da d abu ne da yara da yawa ke yi a farkon koyo. Abin dubawa shi ne idan ya ci gaba bayan tsararsa sun wuce wurin.

Sai dai ba duk wanda ya kasa karatu ne ke da disleksiya ba. Akwai mai raunin ido ko kunne, wanda ya kamata a fara duba shi a asibiti, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Akwai mai fashin makaranta da damina ko ranar kasuwa. Akwai yaron ruga da ya tashi da Fulatanci, wanda har yanzu yake koyon harshen da ake karantar da shi. Akwai kuma wanda ba a koya masa ta hanyar da ta dace ba. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi.

Hanyar koyarwa da ta fi amfani

Bincike ya nuna cewa abin da ke taimakon mai disleksiya shi ne ke taimakon sauran yara: a koyar da sautin kowane harafi a fili, bi da bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, sannan a haɗa baƙi da wasali a tayar da gaɓa, a haɗa gaɓoɓi a tayar da kalma. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin a makarantar allo ma da babbaƙu ake farawa, sannan farfaru, kafin a shiga haɗa karatu. Bambancin shi ne mai disleksiya yana bukatar ƙarin lokaci da ƙarin maimaici. Ba ta warkewa kamar zazzaɓi, amma mai ita yana iya koyon karatu ya yi nisa a ilimi, musamman idan an gano ta da wuri.

Rubutun Hausa yana da sauƙi ta wannan fuska, domin galibi harafi guda sauti guda yake wakilta, saɓanin Turanci. Amma akwai wurare biyu da malami zai yi hattara. Na farko, haruffa masu ƙugiya: b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ sun yi kama, ga shi kuwa "kafa" daban "ƙafa" daban, "baki" daban "baƙi" daban. Kada a koyar da masu kama da juna a rana ɗaya. Na biyu, ba a nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutu, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo sai a cikin jimla ake bambance su.

Yana da kyau yaro ya faɗi sautin yana zana harafin da yatsa a ƙasa, ko ya gina shi da laka, ya tafa hannu yana ƙirga gaɓoɓi. Minti goma sha biyar a kullum sun fi awa biyu sau ɗaya a mako. Haka nan, haɗa yara rukuni-rukuni gwargwadon matakin karatunsu, ba gwargwadon ajinsu ba, hanya ce da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da ita, aka kuma gwada ta a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano daga 2019.

Nauyin da ke kan kowa

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta ilimin shekara tara kyauta ga kowane yaro, ba ta ware mai saurin koyo daga mai jinkiri ba. Don haka ana bukatar shugabannin makarantu su riƙa sauraron karatun kowane ɗalibi na aji ɗaya zuwa uku, shi kaɗai, a kowane zangon karatu, su rubuta sunayen masu bukatar taimako. Malamai su daina sa irin wannan yaro karatu a gaban aji don a yi masa dariya. Sakatarorin ilimi su tura ƙwararrun malamai ƙananan azuzuwa, ba manya kawai ba. Kwamitocin kula da makarantu, waɗanda shirin ESSPIN ya taimaka wajen ƙarfafawa a jihar nan tsakanin 2008 da 2017, su riƙa tambayar yara nawa ne suka iya karatu, ba yawan masu rajista kaɗai ba.

Ga iyaye kuwa, ko ba ku yi boko ba kuna da rawar takawa. Ku yi wa yaro tatsuniya da kacici-kacici da karin magana, ku tabbata yana zuwa makaranta, ku je ku gana da malaminsa. Muna kuma roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai su isar da wannan bayani ga jama'a, domin kada a sake cire yaro daga makaranta saboda matsalar da ke da mafita. Allah ya albarkaci zuri'armu, amin.