Mu Gyara Gidajenmu Kafin Ruwa Ya Sauka

'Yan'uwa manoma, kowace shekara idan watan Agusta ya kama, mukan ji labarin ɗakin da ya rushe a kan mutane da dare, ko rumbun da ya zube da hatsi a ciki. Akan ce ruwa ne ya yi yawa. Amma idan mun bincika, sau da yawa ɓarnar ta soma ne tun da rani, daga 'yar tsaga wadda maigida ya gani ya wuce. Lokacin gyara shi ne Maris da Afrilu, kafin sharar gona ta ɗauke mana hankali. A wajen Jos da kudancin Kaduna ruwa yakan sauka tun Afrilu. A wajen Kano da Katsina kuwa yakan kai ƙarshen Mayu ko Yuni. Kowa ya lissafta nasa.

Ruwa yana cin ginin laka ta wuri biyu, watau ta kai da ta gindi.

Bari mu fara da rufi. Mai jinka ya cire ciyawar da ta ruɓe, ya sake ɗauri, ya bar bakin jinkar ya zarce bango da kamu ɗaya aƙalla. Mai soro ya toshe kowace tsaga, ya ƙara yaɓe yadda zai gangara zuwa indararo, sa'an nan ya share indararon. A duba azara inda ta shiga bango. Gara ba ta cika cin giginya ba, amma damshi yana ruɓar da ita a wannan wuri. Mai kwano ya bi ƙusoshi ɗaya ɗaya, ya kuma ɗaure katakon rufi da waya a jikin gini, gama iskar farkon damina ita ce mai kwashe rufi.

Na biyu, gindin bango. Ruwan da ke zubowa daga rufi yana fantsama, yana zaizaye gindin a hankali har bangon ya rasa abin tsayawa. A cike wurin da laka, a yi ɗan dakali mai gangarowa waje, a jera duwatsu inda ruwan indararo ke faɗuwa. A buɗe rariya domin kada ruwa ya kwana a tsakar gida. Kada mu raina makuba. Ruwan ɓawon ɗorawa da iyayenmu suke kwaɓa yaɓe da shi yana ƙara wa bango ƙarfin jure ruwa. Siminti kuwa ba ya kama laka sosai. Idan ya tsage, ruwa yakan shiga ta bayansa ya ci bango ba a gani.

Na uku, rijiya da salga. A ɗaga bakin rijiya, a yi masa murfi saboda yara da ruwan tsakar gida. Salga ta kasance ta gangare, nisan mita 30 daga rijiya, wajen taku 40 ke nan. Kafin a shiga yasa, a zura fitila mai wuta da igiya har ƙasa. Idan ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, kada kowa ya shiga. Mai shiga kuma ya ɗaura igiya, da mutane a sama suna riƙe.

Rumbu ya zauna a kan duwatsu, a share ƙarƙashinsa, a fasa hanyar gara. Tsofaffin gwangwanaye da fasassun tukwane a kife su, domin sauro yakan girma daga ƙwai cikin wajen kwana 10 a ɗan ruwa kaɗan.

Ga alamu uku da bai kamata a kwana da su ba: tsaga tana ƙara faɗi, ƙofa ta soma cijewa, ko ƙasa tana zubowa daga rufi. Wanda ya ga ɗaya cikinsu da damina, ya fitar da iyalinsa daga ɗakin a wannan rana.

Aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma bai fi ƙarfin gayya ba. Muna roƙon kowace ƙungiya ta tsai da rana a taronta na gaba, a zaga gidajen 'yan ƙungiya, a fara da na gwauraye da tsofaffi waɗanda ba su da mai hawa musu rufi.