Maganin Taurin Ciki Mai Farfaɗo da Ƙwaƙwalwa

Sau da yawa dangin mai ciwon hanta kan yi mamaki idan majinyacinsu ya fara sambatu, ya daina gane 'ya'yansa, sai likita ya kawo maganin sassauta ciki. Ina ruwan hanji da ƙwaƙwalwa?

Amsar tana ga wani sinadari da ake kira amoniya. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin hanji kan samar da shi yayin da suke ruguza furotin na abinci. Jini ya kwashe shi zuwa hanta, ita kuwa ta mayar da shi yuriya, ƙoda ta fitar a fitsari. To, idan hanta ta ƙandare, walau saboda ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, ko saboda shan giya, sai aikin ya gagare ta. Wani jinin ma kan kewaye ta ta wasu jijiyoyi, ya isa ƙwaƙwalwa da dattinsa. Daga nan barci ya juye, a yi shi da rana a kwana ido biyu, hannu ya riƙa karkarwa, hankali ya gushe, har a kai ga doguwar suma. Ba abin mamaki ba ne a gida a ɗauka iskokai ne.

A shekarar 1966 ne Johannes Bircher da abokan aikinsa a ƙasar Suwizalan suka nuna amfanin laktulos ga wannan larura. Wani irin sukari ne da ɗan Adam ba ya iya narkarwa, don haka yakan ratsa ƙaramin hanji yadda aka sha shi. Da ya isa babban hanji sai bakteriya su cinye shi, su fitar da tsami. A cikin wannan tsami amoniya kan rikiɗe ya zama amoniyam, wanda da ƙyar yake ratsa bangon hanji ya shiga jini. Tarko ke nan. Sannan maganin ya jawo ruwa cikin hanji, a fitar da gubar tare da bayan gida.

Likitoci kan daidaita awon maganin har majinyaci ya riƙa zagayawa sau 2 ko 3 a yini, da laushi. Idan aka zarce ya zama gudawa, ruwan jiki ya ragu, ruɗewar na iya tsananta. Wanda ciwon ke yawan dawo masa akan haɗa masa da rifaksimin, maganin rage bakteriyar hanji, wanda Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 2010.