Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai, Amma Wane Gwaji?

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya same ni a ofis riƙe da takardar gwajin jini, hankalinsa a tashe. Saura wata biyu ɗaurin aurensa, sai ga takarda ta ce an ga alamar hapis a jininsa, wato cutar nan mai fitar da ƙuraje masu ruwa a leɓe ko al'aura. Bai taɓa ganin ƙurji ko ɗaya ba, amma har ya fara tunanin fasa auren.

Ni ba likita ba ne, nazarin harshe na karanta. Sai dai na lura da yadda muke gaggawar cewa "an same shi da cutar", alhali abin da takardar ta tabbatar bai kai haka ba.

Gwajin iri biyu ne. Idan akwai ƙurji, akan dangwali ruwansa a nemi ƙwayar cutar kanta ta hanyar PCR. Wannan shi ne mafi inganci, kuma yana bambance nau'i na 1 da na 2. Gwajin jini kuwa garkuwar da jiki ya samar yake gani, wadda kan ɗauki har makonni 12 kafin ta bayyana. Wanda ya yi gaggawa zai iya fita da takardar lafiya alhali yana ɗauke da cutar.

Akasin haka ma yana faruwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana a ƙa'idojinta na 2021 cewa kada a dogara da gwajin IgM, kuma sakamakon IgG na nau'i na 2 da alƙaluminsa bai kai 3.0 ba sau da yawa kuskure ne, sai an tabbatar da gwaji na biyu ta wata hanya dabam. Haka nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 64 cikin ɗari na 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da nau'i na 1, akasari tun ƙuruciya ta baki. Jini ba ya faɗin yaushe aka kamu, balle daga wa.

Alƙalumin ɗalibina 1.4 ne. Na ce masa ya koma wajen likita da tambaya uku: wane irin gwaji aka yi, wane nau'i aka gani, kuma an tabbatar da shi?

Mai karatu, kafin takarda guda ta raba aure ko ta zubar da mutuncin wani, a fara yin waɗannan tambayoyi tukuna.