Zafin bazara: Me ya sa ɗakin kwano ya fi soro zafi a birnin Zariya?

A watannin Maris da Afrilu, zafin rana a Zariya kan haura digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma a gidaje da dama na cikin ganuwa ɗakunan kwana kan gagari masu su tun daga azahar har bayan isha'i.

Da yawa daga cikin magidanta kan nemi mafita wajen fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Sai dai kuma wannan hanya ta ƙara tsada tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ya sa tayar da janareta ya zama sai mai hali.

A watan Afrilun 2024 kuma hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta ƙara farashin wuta ga masu rukunin A, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda, ko da yake daga baya an ɗan rage.

To amma akasarin zafin da ke addabar ɗaki mai hawa ɗaya daga sama yake saukowa, don haka gyaran rufi shi ne matakin farko.

Hikimar magina na da

Maginan Zazzau na da kan tayar da katanga mai kauri da tubali, su jera azarar giginya a sama, sa'annan su ɗora ƙasa, su shafe da laso ko makuba domin kare ruwa.

Ƙasa mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafi. Kafin zafin rana ya ratsa ta ya iso cikin ɗaki, sa'o'i da dama sun shuɗe, rana ta yi sanyi. Da dare kuma sai ta riƙa sakin zafin a hankali, lokacin da jama'a ke shimfiɗa a tsakar gida.

Shahararren misali shi ne tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Bakan gizon da ya ɗaure rufin da su sun ba da tsawo, ta yadda iska mai zafi ke hawa sama nesa da masallata.

Sai dai soro na son yaɓe kafin kowace damina, ga shi azara ta yi wuya, ƙwararrun magina kuma sun ragu. Shi ya sa mutane suka koma ga bulo da kwano.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin kwano

Kwano ƙarfe ne maras kauri, kuma da tsakar rana zafinsa kan wuce digiri 60. Idan babu silin, wannan zafi kai tsaye yake dukan mutanen da ke ƙasa.

Idan ma akwai silin, iskar da ta maƙale tsakaninsa da kwano kan yi zafi kamar tanda, ta gasa silin ɗin, shi kuma ya sauke wa ɗaki. Lamarin ya fi muni a gidajen da aka tayar da katanga ta zagaye kwanon, ba a bar wa iska ko da ƙaramar kafa ba.

Matakan da za a iya ɗauka

Na farko shi ne buɗe wa wannan sarari hanyar numfashi. Iska mai zafi sama take yi, saboda haka ana bukatar kafofi iri biyu: na ƙasa a bakin rufi inda sabuwar iska za ta shiga, da na sama kusa da ƙololuwa inda mai zafin za ta fita. A sa masu raga saboda jemagu da ɓeraye, a kuma karkata su yadda feshin ruwa ba zai shiga ba.

Na biyu, wanda ya fi na farko tasiri, shi ne sa abin da zai tare zafin. Akwai takardar alminiyom mai sheƙi da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano, tare da barin ɗan fili a tsakani, akwai kuma kayan tare zafi masu kama da auduga da ake jerawa a kan silin. Ƙa'idar gini mai tsimin makamashi da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2017 ta tanadi irin wannan kariya a rufi.

Na uku shi ne farin fenti a bayan kwano, domin fari na mayar da hasken rana. Birnin Ahmedabad na Indiya ya shafe rufin dubban gidajen talakawa da farar ƙasa a 2017, cikin shirinsa na yaƙi da zafi. A Zariya dai ƙurar hunturu kan dusashe farin, don haka sai an riƙa wankewa ko sabuntawa.

Mai tsohon silin na asbestos kuwa ya guji fasa shi ko huda shi barkatai, domin ƙurarsa na haddasa cutar huhu da sankara.

Haɗa tsoho da sabo

Ba lallai ba ne a zaɓi ɗaya tsakanin ƙasa da kwano. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da silin na tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da shi domin iska ta riƙa ratsawa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu lambar yabo ta Pritzker, mafi daraja a fannin zanen gine-gine.

A cikin birnin Zariya ma akwai masu ɗora kwano a kan tsohon soro don gudun yoyo. Idan aka bar fili tsakanin biyun, aka kuma ɗaure kwanon da kyau saboda guguwar farkon damina, kwano zai tare ruwa, ƙasa kuma ta tare zafi, ba tare da an ƙara ko kwabo a kuɗin wuta ba.