Likitocin Gashi a Maiduguri: Tsakanin Sakamakon Bincike da Layin Majinyata

A shekarar 2015 mujallar Lancet ta buga sakamakon gwajin AVERT, wanda aka yi kan masu shanyewar ɓarin jiki fiye da 2,000. Waɗanda aka matsa wa tashi da takawa akai-akai tun cikin awa 24 na farko ba su kai sauran samun sauƙi ba bayan wata uku. A 2016 kuma hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a daina jan baya da inji da jona wa mai ciwon baya na'urar lantarki, a karkata ga motsa jiki. Irin wannan ilimi yana isowa Maiduguri, sai dai isowarsa daban, shigarsa ɗakin gashi daban.

Ta fuskar ra'ayi babu gardama sosai. Binciken da aka yi kan likitocin gashi a Najeriya da Amurka ya nuna yawancinsu sun yarda aiki da hujja wajibi ne, kuma ƙarancin lokaci ne babban kukansu. Matasan da Jami'ar Maiduguri ke yayewa sai sun yi nasu binciken kafin su karɓi digiri, hukumar MRTB mai kula da sana'ar tana neman shaidar ƙaro ilimi kafin ta sabunta lasisi, rumbun binciken gashi na PEDro da aka buɗe a Ostiraliya a 1999 kuwa kyauta ne ga duk mai waya da data.

To me ke hana ruwa gudu? Tun 2009 rikicin Boko Haram ya cika asibitocin Borno da masu harbin bindiga, da waɗanda nakiya ta raba da ƙafa, da masu raunin laka, ga masu shanyewar jiki da yaran da shan-inna ta nakasa. Likitan da layi ke jiransa tun safe ba shi da sukunin zama ya tantance wane rahoto ne mai inganci. A Janairun 2021 aka kakkarya turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata kayan aiki.

Akwai kuma majinyacin kansa. Wanda ya biya kuɗin keke Napep daga Muna ko Bulumkutu yana son ya ji ɗumin fitila a bayansa. Idan aka koya masa atisaye aka ce ya je gida ya yi, sai ya ga kamar ba a yi masa komai ba, wataƙila ma ya koma wajen mai ɗori. Likita kan ji tausayi ya kunna masa injin. Illar ita ce talaka ya ƙarar da ɗan abin hannunsa kan zirga-zirga, ciwon kuma yana nan.

Amma dalilin da ya fi nauyi shi ne inda hujjar ta fito. An yi AVERT a ƙasashe 5, babu ta Afirka ko ɗaya. Likitan da ya tambaya ko sakamakon zai dace da dattijon da aka kawo daga ƙauye kwana huɗu bayan ya faɗi, ba taurin kai yake yi ba, yana da gaskiyarsa. Takardun auna ciwo da ƙarfin jiki ma yawancinsu da Turanci aka tsara su, alhali majinyacin Kanuri yake ji, ko Hausa, ko Larabcin Shuwa.

Nan ne Maiduguri ta yi abin a yaba. A 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa suka wallafa fassarar Hausa ta IPAQ, takardar auna yawan motsa jiki ta duniya, bayan sun gwada ingancinta. A 2020 ƙungiyar agaji ta ICRC ta buɗe cibiyar haɗa ƙafafun roba da gyaran gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa. Kowane majinyaci da ya bi ta cibiyar yana barin bayani kan raunin da ya samu, da atisayen da aka yi masa, da lokacin da ya fara takawa. Idan malaman jami'ar da likitocin ɗakin gashi suka haɗa kai suka nazarci waɗannan bayanai, za a samu ƙa'idar jinyar raunin nakiya da aka gina kan mutanen Borno, a kuma fassara takardun awon zuwa Kanuri kamar yadda aka yi wa Hausa.