Kuskuren Da Ake Yi A Makka, A Gida Ake Shuka Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka:

A wata shekara, bayan dawowar alhazai, mun je yi wa wani dattijo barka da sauka a wani ƙauye na mazaɓar Unguwar 'Ya, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu. An kawo dabino da ruwan Zamzam, ana cikin hira, sai ya ce: "Allah Ya gafarta Malam, ni kam zanen nan na harami bai ba ni wahala ba, domin ban taɓa cire gajeren wandona ba har ranar da aka yi mana aski." Ɗakin ya yi tsit. Wannan bawan Allah shanunsa ya sayar ya biya kujera, amma bita sau ɗaya ya halarta, ranar rabon jaka. Muka ce masa: "Baba, Hajjinka yana nan in Allah Ya yarda, sai dai fidiya ta hau kanka: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya." A mazhabar Imamu Malik, rashin sani ba ya ɗauke fidiya daga namijin da ya daɗe sanye da ɗinkakken tufafi yana cikin harami.

Dattijon nan ya yi sa'a, domin kuskurensa yana da magani. Akwai wanda ba shi da magani sai sake tafiya, kuma a shekarar 2025 kuɗin kujera ya haura Naira miliyan 8. Mafi yawan mutanenmu na Birnin Kudu da Gwaram sau ɗaya za su samu wannan dama a rayuwarsu. Abin da muka lura da shi shi ne, kurakuran da ke bayyana a Minna da Arfa tun a gida ake ƙulla su, watanni kafin jirgi ya tashi daga Dutse.

Raina bita

Kuskure na farko shi ne tafiya ba da ilimi ba, da tunanin cewa "abin da na ga mutane suna yi zan yi". Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Jigawa tana shirya wa maniyyata bita, amma wani ya fi ba cin kasuwar Sara muhimmanci a kan zaman awa biyu gaban malami. Alhali babin Hajji yana nan a cikin Risala da Askari da ake karantawa a zaurukanmu.

Wajibi ne maniyyaci ya bambance rukuni da wajibi. Rukunan Hajji 4 ne a wajen Malikiyya: harami, da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, da tsayuwar Arfa, da ɗawafin ifala. Wanda ya bar wajibi, kamar jifa ko kwanan Minna, yanka zai gyara masa. Wanda ya bar rukuni kuwa, yanka ba ya tsaya masa. A wajen Imamu Malik, rukunin Arfa shi ne kasancewa a cikinta wani yanki na daren Salla, don haka wanda ya fita daga iyakarta kafin faɗuwar rana saboda gudun cunkoso, bai kuma koma ba har alfijir ya keto, ba shi da Hajji. Haka nan gaban masallacin Namira yana wajen iyakar Arfa. Wanda bai ji waɗannan a gida ba, wa zai tsaya ya sanar da shi a tsakiyar taron da ya haura mutum miliyan ɗaya da rabi?

Zaton cewa harami shi ne zane

Harami niyya ce ta shiga ibada, zane kuwa tufafinta ne. Kuma niyyar tana da wurin ɗaurawa, wato miƙati. Wanda jirginsa ya sauka a Madina zai ɗaura a Zul-Hulaifa, wurin da ake kira Abyar Ali. Wanda zai sauka a Jidda ya zarce Makka kai tsaye, to a cikin jirgi zai ɗaura yayin da aka zo daidai da miƙati. Idan zanensa yana cikin babbar jakar da aka ɗaure aka kai ƙasan jirgi, ya shiga uku tun bai sauka ba. Wanda ya wuce miƙati sannan ya ɗaura niyya, yanka ya hau kansa. Saboda haka a tambayi jami'ai inda jirgi zai sauka, a kuma sa zanen a jakar hannu.

Sai sanin irin Hajjin da za a yi: Ifradi ne, ko Ƙirani, ko Tamattu'i. Galibin alhazanmu Tamattu'i suke yi, wato Umra tukuna, su kwance, sannan su ɗaura na Hajji ranar 8 ga Zulhajji. Mai Tamattu'i hadaya tana kansa, in bai samu ba sai azumin kwana 10, uku a can, bakwai bayan ya dawo, kamar yadda aya ta 196 ta Suratul Baƙara ta bayyana. Wani sai ya ƙarar da guzurinsa a kan tsaraba da haƙorin Makka, ranar yanka ta zo aljihu wayam.

Iyayenmu mata kuma da yawa suna zaton mai haila ba ta ɗaura harami, sai ta wuce miƙati da kunyar tambaya. Asma'u bint Umais a Zul-Hulaifa ta haihu, Manzon Allah (SAW) ya umarce ta ta yi wanka ta ɗaura. Nana A'isha (RA) haila ta same ta a hanya, ya umarce ta ta yi duk abin da alhaji yake yi ban da ɗawafi, har sai ta yi tsarki.

Kuɗin kujera da haƙƙin mutane

Allah bai wajabta Hajji ba sai a kan wanda ya samu iko. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar wannan iko, amma babu wanda ya halatta tafiya da dukiyar wani. Muna ganin babban wa ya sayar da gonar gado da ba a raba ba, akwai rabon marayu da na 'yan'uwa mata a cikinta, don kawai a kira shi Alhaji. Wani kuma ana bin sa bashin taki ko na hatsi da wa'adinsa ya cika, ya shafa wa idonsa toka ya biya kujera. Malikiyya suna cewa Hajjin da aka yi da haramtacciyar dukiya ya sauke farali amma mai shi ya saɓa wa Allah. An ruwaito daga Imamu Ahmad cewa ko faralin ma bai sauka ba. Wanda bai da kuɗi a dunƙule, ga tsarin adashin gata na hukumar NAHCON, ya tara sannu a hankali daga guminsa.

A waɗannan shekaru Hajji yana faɗawa ne a farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gona kuma take neman iri da taki. Magidanci ya bar wa iyalinsa abincin da zai kai su dawowarsa, ya wakilta wanda zai tsaya kan gona, ya rubuta wasiyya da basussukan da ke kansa da waɗanda yake bi, a gaban shaidu. Yawon sallama gida-gida da ake yi al'ada ce mai kyau, amma "a yafe mini" ba ta biyan bashi. A mayar da haƙƙi tukuna, sannan a nemi yafiya.

Ɓoye ciwo da raina zafi

Wasu suna ɓoye hawan jini ko ciwon suga, wasu mata suna ɓoye juna biyu, don kada a hana su tafiya. Wasu suna neman katin rigakafin sanƙarau da shawara ba tare da an yi musu allurar ba. Wannan yaudarar kai ce. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 sun rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, don haka ba su da tanti ko motar da za ta ɗauke su. Wannan ya isa gargaɗi ga wanda wani dillali yake zuga shi ya tafi da bizar ziyara ya ɓuya har lokacin Hajji. Sa'ayi kaɗai ya kai kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa wurin jifa. Wanda ya saba da babur ya fara horar da ƙafarsa tun yanzu, ya kuma tanadi lema da magungunansa da takardar likita.

Jaka

Kada maniyyaci ya karɓi saƙon da bai ga abin da ke ciki ba, ko daga wa ya fito. A watan Disamban 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Madina saboda ƙwayoyin da aka samu a jakar da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, ba ta kuɓuta ba sai a watan Afrilun 2019. Goro ma, da dattawanmu ke ganin ba komai ba ne, hukumar alhazai ta sha gargaɗi cewa an hana shiga da shi.

Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji ba guzuri, suna cewa sun dogara ga Allah, in sun isa Makka sai su koma bara. A kansu aya ta 197 ta Baƙara ta sauka tana umarni da yin guzuri, tana kuma nuna cewa taƙawa ce mafi alherinsa. Saboda haka wanda ya biya kujerar bana, ya nemi malamin garinsu a wannan makon, ya zauna gabansa ya kwatanta aikin da bakinsa tun daga miƙati har ɗawafin bankwana. 'Ya'yanmu ɗalibai kuma su zauna da iyayensu da kakanninsu su maimaita musu, domin mai tambaya ba ya ɓata.

Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya karɓi ibadarsu, Ya dawo mana da su lafiya. Waɗanda ba su je ba, Allah Ya kira su. Wallahu a'alamu.