Madatsar Challawa, tsutsar kifi da zafin bazara a ƙasar Ƙaraye da Rogo

Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gina a ƙasar Ƙaraye tsakanin 1990 da 1992, kuma take ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, tana iya riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900, kuma tun da ta cika ta sauya sana'ar yammacin jihar Kano, inda masunta suka samu wurin su na dindindin, manoman rani suka samu fadama, makiyaya kuma suka samu mashaya. Mutanen garuruwa irin su Fulatan da ke ƙaramar hukumar Rogo suna cin moriyar wannan ruwa ta hanyar kifin da ake kaiwa kasuwanninsu da kuma shanun da ke gangarawa bakinsa idan rani ya tsananta. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ruwan da ba ya gudu, mai ɗumi, mai ciyayi a gefensa, matattara ce ta ƙananan halittu masu zama a jikin wata halitta suna ci daga gare ta, kuma cutarsu tana kama kifi da saniya da ɗan Adam ta hanya kusan iri ɗaya.

Binciken da masana kimiyyar dabbobi suka yi a tafkuna da kogunan Afirka ya nuna cewa tarwaɗa da karfasa, waɗanda su ne aka fi kamawa kuma aka fi kiwo a Arewa, suna ɗauke da irin waɗannan halittu a fata da hanji da kuma gaɓar numfashi da ke gefen kai. A cikin tarwaɗa ana yawan samun wata siririyar tsutsa da masana ke kira Procamallanus, wadda kifin ke haɗiya tare da wasu ƙananan ƙwarin ruwa da ido ba ya gani sosai. A jikin karfasa kuwa akwai Clinostomum, wadda ke fitowa kamar ƙwayar gero mai launin rawaya a cikin tsoka, kuma rayuwarta ba ta cika sai ta ratsa gida uku: ƙwanta yana faɗawa ruwa daga bakin tsuntsu mai cin kifi irin su zalɓe, ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, daga nan ya koma jikin kifi, sannan tsuntsu ya ci kifin, zagayen ya sake farawa. Wannan tsutsa ba ta cika kashe kifi ba, amma tana karya darajarsa a kasuwa, kuma a Japan da Koriya, inda ake cin ɗanyen kifi, an sha samunta maƙale a maƙogwaron mutane. Dahuwa mai kyau tana kashe ta, saboda haka al'adar Hausawa ta soya kifi ko dafa shi sosai kariya ce ta gaske. Haɗarin da ya rage yana ga bandar da aka yi cikin gaggawa, wadda wuta ta taɓa bayanta ba ta ratsa cikinta ba.

Masu kiwon kifi a tafkin siminti ko na roba su ne suka fi jin jiki, domin a nan ne zafi ke haɗuwa da cunkoso. Ruwan da ke da ɗumin digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin a kowace lita, amma idan ya kai digiri 30 sai adadin ya sauko kusa da 7.5, alhali a daidai lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jurewa, amma 'ya'yanta da karfasa ba su da wannan juriya. Kifin da ya galabaita garkuwar jikinsa tana raguwa, sai cutar fararen ɗigo, wadda ke kammala zagayen rayuwarta cikin ƙasa da mako guda a ruwan ɗumi, ta mamaye tafki kafin mai shi ya farga. Mafi yawan asarar da ake ɗorawa a kan mugun iri ko gurɓataccen abinci a watannin Maris da Afrilu ta cancanci a fara neman dalilinta a ruwa.

A ɓangaren manyan dabbobi, an yi bincike mai zurfi kan jure zafi a kan ɓaunar ruwa, wadda ake kiwo a Indiya da Pakistan da Masar domin madara da noma, kuma ta bambanta da ɓaunar dajin Afirka irin ta Yankari, wadda ba a taɓa mayar da ita dabbar gida ba. Ƙidayar dabbobin Indiya ta 2019 ta nuna ƙasar tana da ɓauna kusan miliyan 110, kuma tun 1985 take da cibiyar bincike ta musamman a kanta a garin Hisar. Ɓauna baƙa ce, gashinta kaɗan ne, kuma ƙofofin gumin da ke fatarta ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin shida na na saniya ba, saboda haka rana tana gasa ta, gumi kuma ba ya isa ya sanyaya ta. Idan zafi ya yi yawa takan rage ci, madara ta ragu, alamun neman barbara su ɓuya har makiyayi ya rasa lokacin haɗa ta da namiji. Maganin da ta samar wa kanta shi ne kwanciya cikin ruwa da taɓo, kuma a nan ne take kiwo a kan ciyawar da ke ɗauke da tsutsar hanta, wato Fasciola gigantica, wadda ita ma sai ta ratsa jikin dodon koɗi kafin ta kama dabba.

Ba a kiwon ɓaunar ruwa a ƙasar Kano, amma darasinta ya shafi Rogo da Ƙaraye kai tsaye, domin wannan tsutsa ita ce mai haddasa ciwon hanta da mahauta ke gani a kwata. Bunaji, farar saniyar Fulani, ta fi ɓauna dacewa da bazarar da zafinta kan kai digiri 40: farin gashinta yana mayar da hasken rana, baƙar fatar da ke ƙarƙashinsa tana kare ta daga ƙuna, leɓen wuyanta yana ƙara faɗin jikin da ke fitar da zafi, kuma tana gumi sosai. Duk da haka, idan ciyawar tudu ta ƙare a ƙarshen rani, dole garke ya koma bakin madatsa da fadamu, inda ɗanyar ciyawa da dodon koɗi suke tare, sai dabbar da yunwa da zafi suka riga suka raunana ta kwashi tsutsa, ta rame, ta rage nono. Wasu nau'o'in dodon koɗi na wannan ruwa kuma su ne ke yaɗa tsargiya ga yara masu wanka da masunta masu shiga ruwa.

Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana gwada barbarar Bunaji da shanun Turai masu yawan madara, kuma sanannen abu ne a wannan fanni cewa gwargwadon yawan jinin Turai a jikin saniya, gwargwadon raguwar juriyarta ga zafi da cuta. Wannan ya isa ya sa masu sha'awar shigo da baƙin iri su yi hattara, domin saniyar da ba ta jure rana za ta fi kowace neman bakin ruwa.

Matsalar ita ce aikin a rarrabe yake: kifi yana hannun cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa da sassan nazarin halittu na jami'o'i, saniya tana hannun likitan dabbobi, tsargiya kuma tana hannun ma'aikatar lafiya, alhali duka ukun a ruwa ɗaya suke haɗuwa. Ya kamata Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa masanan waɗannan fannoni su riƙa ƙidayar dodon koɗi da duba kifi da hantar shanu wata-wata a kewayen Challawa, su sa sarakunan ruwa da arɗo-arɗo da mahauta cikin aikin, sannan a fitar da sakamakon da Hausa da Fulatanci. Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo kuma su gina kwamin shayar da dabbobi nesa da bakin madatsa, su dasa itatuwan inuwa a mashaya, su kuma tsara ba shanu maganin tsutsar hanta a ƙarshen rani da ƙarshen damina.